Kunun da Maigida Bai Ɗanɗana Ba

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar mijina, Malam Ishaya, tela kuma mai bishara a nan Kafanchan. Duk shekara 'ya'yanmu kan sa hotonsa a waya su rubuta masa kirarin jarumta a ƙasa, ni kuma in ƙyale su. Bana na ce bari in ɗauki biro da kaina, tunda ni na zauna da shi fiye da shekara arba'in, ni na san abin da na aura. Tunda nake ban taɓa ganin namiji mai tsoro irin Malam ba.

Kare yana tsoro, allurar asibiti yana tsoro, tsawa kuwa ba a magana. Shagonsa na bayan tashar jirgi, amma duk ranar da jirgi ya yi kuka sai ya zabura kamar ranar ya fara ji. Ko bayan da jirgin ya daina zuwa, ciyawa ta cinye layin, Malam ba zai tsallaka ba sai ya duba hagu da dama. Na yi masa tsiya a kan wannan a gaban baƙi, a gaban surukai, har a gaban jikoki. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da taka kekensa.

Abin da zan ba da labari ya faru shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, ina amarya mai 'ya ɗaya, Ladi, wadda na yaye ba da jimawa ba. A lokacin ikilisiyarmu kan tura mutane ƙauyuka ranar Asabar su yi bishara. Akwai wani ƙauye a bayan duwatsu, in ka sauka mota a Gidan Waya sai ka ci tafiyar ƙasa mai tsawo kafin ka kai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu. Mai bisharar da ya je can na ƙarshe ya dawo da ciwon ciki, bai yi mako ba ya rasu. Malamin ɗakin shan magani ya ce ciwon hanji ne, gari kuwa ya ce guba aka ba shi. Daga nan duk ranar da aka zo rabon ƙauyuka, in an kai kan wannan sai kowane dattijo ya shiga gyaran hularsa.

Wata ranar kasuwa wani tsoho daga ƙauyen, Baba Kure, ya kawo citta Kafanchan, ya biya shagon Malam a ɗinke masa riga da ta yage. Yana zaune yana jira, Malam ya yi masa maganar Yesu yadda yake yi wa duk wanda ya zauna a bencin nan. Da tsohon zai tafi sai ya ce, "Maganan nan naka, ka zo ka faɗa shi a gidana." Malam ya dawo gida fuska kamar an yi masa mutuwa. Mako uku tuwo ba ya shiga, awo ma sai ya kuskure, ya yanka wa wani malamin makaranta wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ranar da ya gaji ya ce mini, "Maman Ladi, na roƙi Ubangiji ya aiki wani, ya ƙi. Za ni."

Ba namijin da ya ce zai raka shi. Ni na bi shi, da hujjar cewa matan can ba za su zauna su saurari baƙon namiji ba. Gaskiyar kuwa uwarsa ce ta aike ni. Ita 'yar wajen ce, yarensu ɗaya da mutanen ƙauyen, ta kuma san su. Da safen da za mu tafi ta ja ni bayan rumbu ta danƙa mini kwalbar manja, ta ce in ya ci ko ya sha wani abin da raina bai kwanta da shi ba, in ɗura masa nan take, kada in bari rana ta gota. Haka muka yarda a lokacin, cewa manja kan sa mutum ya amayar da guba in an yi sauri. Yau jikata da ke aikin jinya tana ce mini ba haka ba ne. Ranar dai shi ne kaɗai abin da ke tsakanina da zama gwauruwa ina da shekara ashirin da biyu, na kuwa ƙulle shi a cikin ɗankwali na rungume.

Dole in yi wa matasa bayanin wata al'ada, domin yanzu ruwan leda ya kashe ta. A ƙasarmu in baƙo ya zo aka kawo abin sha a ƙwarya, maigida ne ke fara kurɓa a gaban kowa, ya goge bakin ƙwaryar da tafin hannu, sa'annan ya miƙa. Ba wanda ke cewa komai, amma kowa ya san ma'anarsa: abin da zai same ka ya riga ya same ni. Ko yaro ya san wannan. Maigidan da ya miƙa ƙwarya bai kurɓa ba, to ko mahaukaci ne, ko kuwa akwai abin da ya sani.

Mun isa da hantsi. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa a ƙofar gidan Baba Kure, maza suka zauna a kan duwatsu, mata suka tsaya daga nesa da goyonsu. Sun san masu bi ba su shan burkutu, don haka kunu aka kawo, ƙwarya guda cike, wata mata ta ajiye a gaban tsohon ta koma da sauri. Baba Kure ya ɗauka da hannu biyu. Ya kai ta kusa da bakinsa, ina kallo, har na ga haƙoransa. Sai ya tsaya. Ya sauke ta a hankali, ya miƙa wa Malam.

Duk ido ya koma kan ƙwaryar. Na dubi Malam, na ga zufa ta keto masa har tana ɗiga daga haɓa. Na yi masa duk alamar da mace ke iya yi wa mijinta da ido. Na yi tari. Na yi niyyar in miƙe in yi tuntuɓe da gangan in ɓarar da ƙwaryar, amma tsoro ya hana ni. Idan ya ƙi sha, ya kira maigida mai kisa a gaban jama'arsa, bishara kuma ta gama shiga ƙauyen nan har abada. Idan ya sha, to ga abin da ya sami na gabansa. Ya rufe ido, leɓunansa suka motsa, ya kafa kai.

Bai ɗago ba sai da ya shanye tas. Ƙwarya ce da mutum huɗu za su sha su ƙoshi, Malam kuwa ko ludayi biyu na kunu ba ya gamawa a gida. Har na fara jin haushin wannan rashin kunya kafin in gane. A al'ada bayan miji ya sha, matarsa ake miƙa wa. Ya ajiye ƙwaryar a kife, bai dube ni ba.

Daga nan ya tashi ya yi wa'azi, kuma ina shaida muku ban taɓa jin wa'azi maras kai irin wannan ba. Ya fara da ɗan da ya bar gidan ubansa, ya ɓace a tsakiya, ya faɗa labarin tunkiya, ya dawo, ya manta inda ya tsaya. Amma ba wanda ya tashi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba Maganar Allah suke saurare ba, jira suke su ga lokacin da zai faɗi. Ni ma abin da nake jira ke nan, hannuna a kan ƙullina, ina kallon inuwar ɗorawa tana ja da baya.

In na ga yadda ake fita bishara yau sai in tuna da wannan wa'azin. Yanzu da mota ake zuwa, da janareta da lasifika, da riga iri ɗaya da aka buga wa rubutu, kowa da gorar ruwansa a jaka. A yi waƙa, a yi hoto, a juyo kafin la'asar saboda hanya ba lafiya. Ban ga laifin kowa ba. Ni da kaina na hana jikana zuwa wani ƙauye bara, na riƙe masa makullin mashin har rana ta yi. Tsoron da ke ƙasar nan yau ya fi na zamaninmu, domin mu a da mun san ƙauye ɗaya muke tsoro, yanzu kuwa mutum ba ya sanin ta wace kwana abin zai fito. Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga garin da ya yi wa kowa ɗinki, Kirista da Musulmi da Bafillace, yau kowa ya san iyakar unguwar da zai taka. Ina jin zai fi kowa firgita. Abin da ban sani ba shi ne ko zai karɓe makullin nan daga hannuna.

Da aka gama na yi sallama da matan a gurguje, zuciyata ɗaya: mu sha kwanar dutse na farko in ɗura masa manjan. Sai Baba Kure ya ɗauki sandarsa ya ce zai yi mana rakiya. Rakiya kuwa ba a ƙin ta. Yawanci maigida kan taka da baƙo zuwa bakin gona ya juya. Muka wuce gonakin acca, bai juya ba. Muka wuce na citta, bai juya ba. Yana gefen Malam, bini-bini ya saci kallon fuskarsa. Ni ina baya, ina ganin rigar mijina ta jiƙe ta manne da bayansa, ina ganin yana dafe ciki. Sau biyu ya yi tuntuɓe inda ba dutse. Na ce a raina tsohon nan so yake ya ga ƙarshen aikinsa da idonsa, so yake lokacin manjan ya wuce. Ban taɓa ƙin ɗan Adam kamar yadda na ƙi shi a kan hanyar nan ba, kuma da sunan bishara na fito.

A bakin rafin da ya raba ƙasarsu da ta maƙwabta ya tsaya, na ce alhamdu lillahi. Maimakon ya juya sai ya zauna a kan dutse ya ce mu huta. Ya dube ni, ya nuna ƙullina da sanda.

"Mata nan, mene ne ka ke matse shi haka tun da safe?"

Na ce ba komai. Ya ce in kwance. Na dubi Malam, ya gyaɗa kai. Kwalbar ta fito, ja wur a cikin rana, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayani. Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sa'annan ya juya ya yi wa Malam magana da yarensu, ƙasa-ƙasa, da sauri. Ni 'yar wajen Kachia ce, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga fuskar Malam ta koma kamar toka. Ya amsa a taƙaice. Tsohon ya sake magana, wannan karon da ƙarfi, yana buga sanda a ƙasa. Malam ya miƙo hannu, na ba shi kwalbar, har na cire masa toton masarar da aka toshe bakin da shi. Ya karɓi toton ya mayar, ya miƙa wa Baba Kure da hannu biyu, ya ce da Hausa don in ji, "Baba, ga ɗan tsaraba, a sa wa yara a miya."

Na fasa ihu. Na manta da tsoho, na manta da kunya, na kama rigarsa na ce, "Malam, Ladi fa? Ni fa? Wa ka bar mu wa?" Ya zauna a ƙasa ya jingina da dutse, ya ce in riƙe masa hannu. Hannun sanyi ƙalau.

Haka muka zauna mu uku a bakin rafin nan tun rana na tsaka har ta karkata. Duk motsin da Malam ya yi sai ni da tsohon mu zabura tare. Cikinsa ya yi ƙugi, na ce shi ke nan. Ya tashi ya shiga bayan ciyawa, na bi shi da kuka, ashe ƙwaryar kunu ce ke neman hanyarta. Da la'asar ta yi, Baba Kure ya matso ya buɗe masa ido da yatsa, ya duba harshensa, ya sauke wata irin ajiyar zuciya. Ya ɗauki sandarsa da kwalbata ya ce, "Asabar na sama ka dawo." Ya haye hanya bai waiwaya ba. Da muka tsallake rafin na tambayi Malam abin da tsohon ya faɗa masa da yare. Ya ce, "Maganar maza ce."

Bai mutu ba, kun dai gani. Ya koma Asabar ta sama, da ta samanta, shekara tara yana tafiyar nan, kullum cikin tsoro tun daren Juma'a. Baba Kure bai taɓa yin baftisma ba, a kan al'adar kakanninsa ya rasu, amma shi ya ba da filin da aka kafa majami'ar ciyawa ta farko. Ni kuwa na mai da labarin abin dariya. Na ba da shi a taron zumuntar mata, na ba da shi a bukukuwa: yadda tsoho ya gwada mijina da kunu lafiyayye, yadda mijina ya kusa mutuwa don tsoro kawai, yadda na yi asarar manja kwalba guda. Malam na zaune yana ji, har ya taya mu dariya.

Ranar da muka binne shi, mutanen ƙauyen suka zo mota biyu. Bayan an watse daga maƙabarta wata dattijuwa mai suna Saratu, 'yar Baba Kure, shugabar matan majami'arsu, ta zauna kusa da ni tana yi mini gaisuwa. Don in sauƙaƙa wa kaina sai na ɗauko labarin kunun. Ba ta yi dariya ba.

"Mama, kai ba ka sani ba? Malam bai gaya maka ba?"

Ta ce kunun ba daga gidansu ya fito ba. Ranar nan burkutu kaɗai ke gidan, sai ƙanen ubanta, mai kula da wurin tsafin ƙauyen, wanda ya sha rantsuwa cewa ba mai bisharar da zai sake fita ƙauyen da ƙafarsa, ya aiko da ƙwaryar kunu a ba baƙi. Baba Kure ba zai iya mayar da ita ba a gaban jama'a. Ya ɗaga zai kurɓa, tsoro ya kama shi, ya miƙa wa baƙonsa. Ta ce har ya mutu yana jin kunyar wannan. Rakiyar da na ɗauka mugunta ce, bin mu ya yi don in Malam ya faɗi ya ɗauke shi a kafaɗa. A bakin rafi kuwa duk ya faɗa wa Malam gaskiya: ban san abin da ke cikin ƙwaryar ba, ƙanena ne ya aiko, sha man nan maza. Ya kuma rantse cewa daga nan gidan ƙanen zai nufa da kibiya.

Ta ci gaba, "Sai Malam ya ce mashi, in na sha man nan na rayu, har abada za a ce guba ne, manja ya cece ni, ƙanenka ya zama mai kisa ko da hannunshi tsabta ne. In ban sha ba na rayu, kowa zai san kunu ne kawai. Ya ce shi ba raba gida ya zo yi ba."

Na tambaye ta, to da akwai gubar ko babu? Ta ce ba wanda ya sani, ƙanen bai taɓa cewa komai ba har ya mutu. Abin da ta sani shi ne Baba Kure ya shiga gida da kwalbar a cike, ya ajiye ta a ƙofar ƙanensa, 'yan'uwan biyu kuma suka tsufa suna ci a akushi ɗaya. Jikokin ƙanen ne ke kaɗa ganga a majami'ar yau.

Ina zaune a kan tabarmar makoki, tsoron bakin rafin nan ya dawo mini sabo ful, bayan shekara arba'in. Sanyi ya kama ni har mata suka lulluɓa mini zane suna tsammanin zazzaɓi ne. Bayan tsoron kuma fushi ya zo. Na yi fushi da mutumin da muka rufe da ƙasa da safen nan, fushin da ban taɓa yi da shi yana raye ba. Ya sa ransa da nawa da na Ladi a kan sikeli ɗaya da mutuncin wani matsafi da ya tsane shi, bai kuma shawarce ni ba.

Shekara goma sha ɗaya ina juya abin. Majami'ar can yanzu ta bulo ce da kwano, an sa sunansa a wani allo a bango, amma ba wannan nake ganin ya rage daga gare shi ba. Masu wa'azin da suka fi shi baki sun yi dubu. Abin da ya rage mini shi ne na ga da idona irin mutumin da Allah kan aika: matsoraci, wanda ya roƙi a tura wani, wanda ya ɓata wa'azinsa, amma ya ƙi ceton kansa da abin da zai kashe sunan wani. Ban ce kowa ya yi abin da ya yi ba. Da yau ne, da na ƙwace kwalbar na ɗura masa da ƙarfi, kuma har gobe ban tabbata ni ce da kuskure ba.

Ya san ni sarai. Ya san da na ji abin da aka faɗa a bakin rafin nan, da bai sake taka hanyar ƙauyen ba, ko da kuwa zan kwanta a bakin ƙofa ne. Don haka ya haɗiye maganar, ya zauna a gefena shekara arba'in ina ba mutane labarin tsoronsa, yana taya su dariya.